Mariama Ba da doguwar wasiƙarta: kishiya take tuhuma ko cin amana?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Duk lokacin da aka ambaci Mariama Ba, marubuciyar nan ta Senegal, sai ka ji an ce littafinta Une si longue lettre, wanda aka fassara zuwa Turanci da sunan So Long a Letter, an rubuta shi ne don a yaƙi auren mace fiye da ɗaya. Wasu ma har su ƙara da cewa Turawa ne suka ɗora ta a kai. Ni abin da ke cikin littafin bai nuna mini haka ba. Ramatulaye, jarumar littafin mai rubuta wa ƙawarta Aisatu wasiƙar, da bakinta ta ce ta shirya zama da kishiya, a raba kwana yadda addini ya tsara. Mijinta Modu ne ya tare wurin amarya, shekara biyar bai waiwayi gidan ba, ya bar ta da 'ya'ya 12. To wanne marubuciyar take tuhuma, ƙarin auren ko yadda aka yi shi? Don Allah a zo da hujja daga cikin littafin, ban da ji-ta-ji-ta.

Malam_Adabi:
Wa alaikumus salam Malama. Bari a fara sanin mai littafin, don rabin kuskuren daga nan yake tasowa. An haifi Mariama Ba a Dakar a 1929. Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, kakanninta na wajen uwa suka riƙe ta, gidan addini da al'ada, ta kuma yi karatun Alƙur'ani. Mahaifinta Amadu Ba ma'aikacin gwamnati ne, shi ya dage sai ta yi boko, daga baya ya riƙe muƙamin ministan lafiya tun Senegal ba ta samu 'yancin kai ba. A 1943 ta zauna jarrabawar shiga makarantar horon malamai mata ta Rufisk, wadda ke ɗibar ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, ita ta zo ta ɗaya. Ta fito a 1947, ta koyar shekara 12, sai rashin lafiya ya sa aka mayar da ita ofishin duba makarantu. 'Ya'yanta tara. Aurenta da ɗan siyasa Obeye Diop da rabuwa ya ƙare. Littafin ya fito a 1979 tana da shekara 50, ta rasu a watan Agustan 1981 bayan fama da ciwon daji. Wato mace ce da ta ga aure, ta ga saki, ta ga rainon 'ya'ya kafin ta ɗauki alƙalami.

Dan_Sahel:
Malama Ummu_Hanan, da girmamawa, ban yarda ba. Ki ƙirga gidajen da ke da mace fiye da ɗaya a littafin. Gidan Modu ya watse. Gidan Maudo ya watse, matarsa Aisatu ta fita. Gidan Tamsir, yayan Modu, mata uku ne, kuma su ke ciyar da shi: ɗaya rini, ɗaya sayar da kayan marmari, ɗaya keken ɗinki. Babu gida ko ɗaya da aka nuna ana zaman lafiya da kishiya. Sannan da Dauda Dieng ya zo neman aurenta bayan rasuwar Modu, mutumin kirki, likita, ɗan majalisa, mai iya riƙe gida biyu, Ramatulaye ta ƙi shi, cikin dalilanta har da cewa ba za ta shiga tsakaninsa da matarsa Aminata ba. Idan yadda aka yi auren ne kaɗai damuwarta, ai Dauda ta ƙofa ya biyo. Marubuci ba sai ya fito ya ce na ƙi abu ba, misalan da ya zaɓa su ke magana.

Lauya_Nafi:
Ku bi sawun kuɗin, nan tuhumar take. Bayan rasuwar Modu aka zauna zaman da Senegalawa ke kira miras, inda ake buɗe takardun mamaci a gaban dangi. Ga abin da ya fito. Gidan da Ramatulaye take ciki, Villa Falen, da tarin kuɗinsu su biyu aka mallake shi, tunda ita ma malamar makaranta ce mai albashi, amma takardar gidan sunan Modu kaɗai ke jiki. Wannan takardar ya kai banki jingina ya karɓi bashin da ya samar wa amarya Binetu da uwarta gida a rukunin gidajen SICAP. Akwai wani bashin na sefa miliyan huɗu, da shi aka kai uwar Binetu da mijinta Makka, da shi Binetu ke sauya mota ƙirar Alfa Romeo. Ya cire yarinyar daga makaranta tana dab da jarrabawar ƙarshe ta sakandare, ya yanka mata sefa dubu 50 duk wata kamar albashi. Ya mutu bai bar ko sisi a ajiye ba.

Kun ga da gumin uwargida aka yi wa amarya gida, ba da saninta ba. Inda aka samu matsala tun farko shi ne takardar: dukiyar mutum biyu, suna ɗaya. Da sunanta na jiki, banki ba zai karɓi jinginar ba sai da sa hannunta. Abin da ya ceci gidan shi ne Daba, babbar 'yarta, da mijinta suna da halin sayen kadarorin, suka kuma sa ma'aikacin kotu ya rubuta kayan da ke gidan SICAP ɗaya bayan ɗaya kafin a yi sama da faɗi da su.

AbuSafwan:
Lauya ta kawo ɓangaren dukiya, ni bari in kawo na fiƙihu, tunda Senegal ƙasar Malikiyya ce kuma littafin kacokan a cikin takaba aka rubuta shi. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, Baƙara aya ta 234, kusan kwana 130 ke nan. Aya ta 235 ta yarda a yi wa mai takaba hannunka-mai-sanda, amma ba a fito fili a nemi aurenta. Tamsir ranar sadakar arba'in ya buɗe baki a gaban liman da Maudo ya ce da ta fita zai aure ta. Saura kwana 90 fa. Kuma ba tambayarta ya yi ba, sanar da ita ya yi, kamar tana cikin kayan gado, alhali Nisa'i aya ta 19 ta hana a gaji mata bisa tilas. Shi kuwa Modu, abin da ya yi shi ne aya ta 129 ta hana: karkata gaba ɗaya wurin ɗaya a bar ɗayar a rataye, ba saki, ba kwana, ba ciyarwa. Duk laifin da aka lissafa wa mazan nan, shari'a ma laifi ta ɗauke shi. Shi ya sa nake tare da Malama Ummu_Hanan.

Dan_Sahel:
Malam AbuSafwan, Allah ya ƙara basira, amma ka tsallake Dauda. Shi ma cikin takabar ya yi magana, ya ce sai ta fita. In Tamsir ya yi laifi a nan, shi ma ya taɓa. Bambancin dai shi neman yarda ya zo yi. Kuma har yanzu ba a amsa mini dalilin da ya sa ta ambaci Aminata ba.

AbuSafwan:
Ka yi gaskiya a kan lokacin, ban musa ba. Shi ma ya yi gaggawa.

Zinariya77:
Ana ta maganar Ramatulaye an manta da wadda aka rubuta wa wasiƙar. Labarin Aisatu ba kishi ne tushensa ba, asali ne. A tsarin Wolof akwai geer, 'ya'yan asali, akwai kuma nyenyo, masu sana'ar gado: maƙera, dukawa, maroƙa. Ba a auratayya tsakaninsu. Aisatu 'yar maƙerin zinariya ce. Maudo likita ne, uwarsa Gwaggo Nabu jinin sarautar yankin Sine na Senegal ce. Tsohuwar nan ba ta taɓa yafe wa ɗanta auren 'yar maƙera ba, kuma ku duba yadda ta bi abin daki-daki. Ta yi tafiya har Diakhao wurin ɗan'uwanta Farba Diouf, ta roƙi a ba ta takwararta Nabu ƙarama ta riƙe. Ta kawo ta Dakar, aka sa ta boko, ta koya mata girki da ladabi, aka kai ta makarantar ungozoma. Da yarinya ta isa aure sai ta ce wa Maudo kawunsa ya ba shi ita, in ya ƙi, kunya za ta kashe ta. Shiri ne na shekaru. Maudo ya karɓa, yana ce wa Aisatu wai don uwarsa ya yi, zuciyarsa na wurinta. Wannan rabon zuciya da gangar jiki shi Aisatu ta ce ba ta yarda da shi ba. Ta ajiye masa 'yar takarda a kan gado, ta kwashi 'ya'yanta maza huɗu, ta kama haya, ta koma karatu, ta je Faransa ta karanci tafinta, ta samu aiki a ofishin jakadancin Senegal a Amurka.

Kuma abin lura, Nabu ƙarama ta yi ta haihuwa a gidan Maudo yana kukan rashin Aisatu. Ramatulaye ta nuna masa cikin yarinyar a matsayin amsar kukansa.

Kallabi:
Madalla Anti Zinariya. Abin da kika kawo ya nuna wani abu da masu yabon littafin ba sa son a faɗa: auren nan guda biyu mata ne suka ƙulla su. Gwaggo Nabu ta ƙulla na Maudo saboda asali, uwar Binetu ta tura 'yarta ga sa'an ubanta saboda talauci ya ishe ta. Ranar makoki ma dangin miji mata ne suka kwance wa zawarawan kitso, suka yaba wa shekara 30 da shekara biyar da kalma ɗaya, haihuwa 12 da haihuwa uku duk ɗaya. Kuɗin ta'aziyya da aka tara ana shelarsa ana rubutawa, dangin miji suka kwashe, aka bar masu takaba hannu rabbana. Mariama Ba ba ta ɗaga wa mata ƙafa ba ko kaɗan.

Sarkin_Yaki_22:
Ni dai a sanina a Paris aka buga shi, Turawa suka ba ta lambar yabo saboda ta zagi al'adar Musulmi. In ba haka ba yaya littafin da bai kai shafi ɗari ba zai yi wannan suna?

Malam_Adabi:
A'a ɗan'uwa, gyara. A Dakar aka buga shi, kamfanin Nouvelles Éditions Africaines. Lambar da ta ci a 1980 ita ce Noma, wadda Shoichi Noma, shugaban kamfanin ɗab'i na Kodansha a Japan, ya kafa, kuma sharaɗinta shi ne littafin ya zama a Afirka aka buga shi. Da a Paris ya fito ko shiga gasar ba zai yi ba. Ita ce ta fara cin lambar, aka miƙa mata a kasuwar baje kolin littattafai ta Frankfurt a Jamus. Fassarar Turanci ta Modupe Bode-Thomas ta biyo baya a 1981. Kuma ba daga sama ta faɗo ba: Nafisatu Diallo ta fitar da tarihin rayuwarta a 1975, Aminata Sow Fall ta fitar da ƙagaggen labarinta na farko a 1976, Awa Thiam ta fitar da littafinta kan halin da matan Afirka ke ciki a 1978. Duk 'yan Senegal. 'Yar jarida Annette Mbaye d'Erneville, wadda sunanta ke cikin sadaukarwar littafin, tana cikin waɗanda suka ƙarfafa mata gwiwa.

Ummu_Hanan:
Kuma Yaya Sarkin_Yaki, wadda ake cewa ta zagi addini, jarumarta ba ta rabuwa da carbi da tabarmar sallah tun daga shafin farko. Ka karanta tukuna.

MaiFaransanci:
Akwai abin da taken littafin yake ɓoyewa. Wannan ba wasiƙa ba ce da aka kai gidan waya. A layukan farko Ramatulaye ta ce ta samu 'yar takardar Aisatu, maimakon amsa sai ta buɗe littafin rubutu irin na 'yan makaranta. A ƙarshe kuma tana jiran isowar Aisatu washegari. Wato rubutun zai kai hannunta ne tare da mai shi. Wannan ya warware ƙorafin da wasu manazarta ke yi, cewa me ya sa take ba Aisatu labarin auren Aisatu, abin da ta fi kowa sani. Mai takaba ce a killace, ba fita, ba kwalliya, baƙi na zuwa suna tafiya. Kanta take yi wa bita, ta jera rayuwarta kusa da ta ƙawarta don ta auna wa ya zaɓi daidai.

Sai harshen. Faransancinta na malamar makaranta ne, tsaf, amma ta bar kalmomin Wolof a inda Faransanci ba shi da madadinsu, kamar sigil ndigale na ta'aziyya da miras ɗin da Lauya ta ambata. Wanda ya tsallake bayanan ƙasan shafi zai rasa rabin abin da ke faruwa a babin makoki. Daga baya Mame Younousse Dieng da Arame Fal sun mayar da littafin Wolof.

Lauya_Nafi:
Bari in ƙara wani abu da zai taimaka wa gardamar Dan_Sahel da Ummu_Hanan, don littafin a cikin wata muhawara ta ƙasa ya fito. A 1972, zamanin Shugaba Senghor, Senegal ta yi dokar iyali, ta fara aiki a 1973. Dokar ba ta hana ƙarin aure ba. Abin da ta yi shi ne ta sa miji ya zaɓa a gaban jami'in rajistar aure, ɗaya cikin uku: mace ɗaya, ko ya iyakance adadin ƙasa da huɗu, ko ya bar ƙofa a buɗe har huɗu. In bai zaɓi komai ba, ana ɗaukarsa a na ukun. In ya zaɓi mace ɗaya, ba ya janyewa. Zaɓin na miji ne, mace dai tana jin abin da ya zaɓa kafin ta sa hannu. Sannan tsarin haɗa dukiya tsakanin ma'aurata sai ga wanda ya zaɓi mace ɗaya. In ba haka ba, kowa da nasa, wanda sunansa ke kan takarda shi ne mai abu.

Inda abin ke lalacewa: aure da yawa a masallaci ake ɗaurawa ba a kai shi rajista, ko kuma ango ya yi shiru a wurin zaɓin, amarya ta ɗauka alkawarin baki ya isa. Ramatulaye da Modu sun yi aure shekaru da dama kafin dokar, don haka ba ta da wata takarda da za ta riƙe shi da ita. An ambaci dokar a hirarta da Dauda, a wurin da take yi masa ƙorafin cewa mata huɗu ne kacal cikin 'yan majalisa ɗari. A zahiri ma sai 1963 mace ta fara shiga majalisar Senegal, Caroline Diop, ita ce kuma ta zama minista a 1978.

Dan_Sahel:
To Lauya kin ƙara mini ƙarfi ne. Mace mai yabon dokar da ta buɗe wa miji hanyar ɗaure kansa a kan mace ɗaya har abada, ina take karkata? Kuma ku duba auren da littafin ya nuna a matsayin na gobe: Daba da mijinta Abu, su biyu, yana shiga kicin yana dafa shinkafa, yana cewa matarsa ba baiwarsa ba ce. Shi ne aka haska.

Malama_Rakiya:
Ina ganin ku biyun kowa ya riƙe gefe ɗaya na tabarma. A bambanta abin da Ramatulaye take so da abin da take la'anta. Abin da take so a fili yake, miji ɗaya mata ɗaya, aure bisa soyayya da shawara, irin wanda ita da Modu suka fara. A nan Dan_Sahel ya yi daidai. Abin da take la'anta kuwa yaudara ce da wulaƙanci. Ku tuna yadda ta samu labari. Ranar Lahadi Modu ya caɓa ado ya ce kada a jira shi da abinci. Da yamma sai ga liman da Tamsir da Maudo, suka yi ta kewaye-kewaye har ta zaci mutuwa ya yi, sannan aka ce ai aure ya ƙara yau. Amaryar kuma Binetu, ƙawar Daba, yarinyar da ke zuwa gidan karatu, wadda ke ba su labarin wani tsoho da ke saya mata riguna, ba su san maigidan ba ne. Manazarciyar adabi Obioma Nnaemeka ta yi bayani a kan wannan, cewa abin da Mariama Ba ta zana shi ne ƙarin aure irin na 'yan bokon birni, wanda ya ɗauki izinin ya watsar da sharuɗɗan: ba sanar da uwargida, ba gida ɗaya, ba rabon kwana.

Game da Aminata, ɗan'uwa Dan_Sahel, dalili biyu ta bayar a takardar da ta aika wa Dauda ta hannun maƙwabciyarta Farmata. Na farko, tana ganin girmansa amma zuciyarta ba ta son sa, kuma girmamawa kaɗai ba ta riƙe aure. Na biyu shi ne wanda ka kawo, ita da aka yasar saboda wata ba za ta shiga gidan wata da sauƙin zuciya ba. Na biyun ciwonta ne ke magana, ba fatawa ta bayar ba.

Kallabi:
Ni inda nake da ja da marubuciyar daban ne. Littafin na matan boko ne masu albashi. Aisatu ta iya fita saboda tana da takardar malanta. Ramatulaye ta iya zama shekara biyar ba miji saboda albashinta na biyan wuta da ruwa, da ta gaji da motar haya kuma ƙawarta ta saya mata Fiat 125. Ina matar da ba ta da ko ɗaya? Ga ta nan a littafin, ita ce uwar Binetu, kuma da ido na raini aka kalle ta, ko suna ba a ba ta ba. Farmata maroƙiya mai zuba wuri, ita ta fara gano cikin 'yar gidan, amma kullum a matsayin mai surutu take. Binetu kanta ba mu taɓa jin muryarta sosai ba. An ce dai an yanka ta kamar rago a kan dukiya, shi ke nan.

MaiFaransanci:
Gaskiya ne Kallabi, amma ki tuna wa ke riƙe da alƙalamin a cikin labarin. Kishiyar da aka cuta ce. In ta yi wa uwar amarya adalci ɗari bisa ɗari, da ba mu yarda mutum ce ba. Duk da haka na yarda da ke cewa ba a ba mu wata taga da za mu leƙa ta wajen Binetu ba. Haka yabon da ta yi wa shugabar makarantarsu Baturiya, wadda ake ganin hoton Germaine Le Goff ta Rufisk ce, babu ko ɗigon tambaya a ciki kan manufar makarantun mulkin mallaka.

Gimbiyar_Karatu:
Ga masu koyar da littafin ko masu shirin jarrabawa a kansa, wuri uku ɗalibai ke faɗuwa. Na farko sunaye masu maimaituwa: Aisatu biyu ce, ƙawar da 'yar Ramatulaye takwararta wadda ɗalibin lauya Ibrahima Sall ya yi wa ciki. Nabu biyu ce. Maudo ma biyu ne, likitan da ɗan Ramatulaye mai rigima da malamin falsafa. Na biyu lokaci. Labarin ba a miƙe yake ba, ya fara da mutuwa, ya koma shekara 30 baya, ya dawo kwana na arba'in, ya ci gaba zuwa ƙarshen takaba. A sa ɗalibi ya ja layi biyu a takarda, ɗaya na kwanakin takaba, ɗaya na shekarun aure, duk babin da ya karanta ya sa shi a layinsa. Na uku, suna rubuta cewa tarihin rayuwar marubuciyar ne. Mariama 'ya'ya tara, Ramatulaye 12. Mariama rabuwa ta yi, Ramatulaye ta zauna har mutuwa ta raba. In ma kamanni ake nema, a wajen yanke shawara ta fi kusa da Aisatu.

Wani abin kuma, kada a tsallake labarin Jaklin, 'yar Kwaddibuwa Kirista da ta auri likita Samba Diack. Babu kishiya a labarinta sam. Neman matan mijin da ƙin da danginsa suka yi mata su suka kwantar da ita, aka yi ta gwaje-gwaje ba a ga komai ba, sai wani likitan ƙwaƙwalwa ya gaya mata ciwon damuwa ne. Wannan babin hujja ce babba ga Malama Ummu_Hanan.

Ummu_Hanan:
Na gode Gimbiya, wallahi Jaklin ta shige mini. Ga gidan mace ɗaya, ga cin amana, ga ciwo iri ɗaya.

Malam_Adabi:
Tunda an zo nan, a haɗa da littafinta na biyu, Un chant écarlate, wanda ya fito a 1981 bayan rasuwarta, Dorothy Blair ta fassara shi zuwa Turanci. Usman Gueye, ɗan talakawa daga unguwar Usine Niari Talli a Dakar, ya auri Mirei, 'yar wani jami'in diflomasiyyar Faransa. Ta musulunta, ta rabu da iyayenta saboda shi. Uwarsa Yaye Khady ba ta karɓe ta ba, don suruka Baturiya ba za ta ɗauke mata aikin gida ba, ba kuma za ta fitar da ita kunya a bikin suna ba. Usman ya koma wa Uleimatu, wadda ya so tun yarinta, ya aure ta a ɓoye, yana kashe musu kuɗin gidan Mirei, yana fakewa da cewa komawa ga asalinsa yake yi. Da Mirei ta gano, hankalinta ya gushe, ta kashe ɗansu da maganin barci, ta daɓa wa Usman wuƙa. Ku duba kayan haɗin: aure a ɓoye, uwar miji, dukiyar matar farko, namiji mai ara wa son ransa rigar al'ada. Su ne dai na littafin farko. Sai dai a nan ba ƙawa, ba 'ya'ya manya, ba carbi, babu abin da zai tare matar.

Hajiya_Turai:
Tambaya ta gefe 'ya'yana. Ita da kanta ta kira kanta 'yar feminizim ne, ko mu muka laƙaba mata?

Malama_Rakiya:
Hajiya, aikinta dai na masu rajin kare haƙƙin mata ne, babu tantama. Ta yi shekaru a ƙungiyoyin mata na Dakar tana jawabai da rubuce-rubuce a jarida kafin littafin. Amma sadaukarwarsa ta haɗa da maza masu kyakkyawar niyya, kuma Ramatulaye har ƙarshe tana ganin namiji da mace kowa na buƙatar ɗan'uwansa, ingancin ƙasa daga ingancin iyali yake. Irin wannan matsayin ne ya sa manazarta mata na Afirka suka yi ta neman wani suna dabam da na Turai, Molara Ogundipe-Leslie ta ƙirƙiro nata, Nnaemeka ta ƙirƙiro nata. A ganina gwajin gaskiya shi ne babin cikin Aisatu ƙarama. Al'ada ta ce a kore ta, Farmata na jiran a yi kururuwa, uwar ta rungume 'yarta, ta karɓi yaron ta yi masa tambayoyi, aka lissafa watannin haihuwa don kada yarinyar ta rasa makaranta. Daga nan ta tara sauran 'yan matan, su Aram da Yasin da Dieynaba da ta taɓa kamawa suna shan taba, ta yi musu maganar jikinsu, tana jin nauyi tana yi.

AbuSafwan:
Wannan babin ni ma ya tsaya mini, ko da yake ina da ja a kan yadda aka sauƙaƙa lamarin. Ba a ce komai ba kan hukuncin auren da za a ɗaura bayan haihuwa da nasabar ɗan, alhali littafin ya bi ƙa'idar takaba filla-filla. Wajen gado ma an taƙaita. Mata biyu sumuni ɗaya za su raba tunda akwai 'ya'ya, kowace kashi ɗaya cikin 16, shi ma bayan an biya bashi. Da bashin da Lauya ta lissafa, Binetu da 'ya'ya uku kusan hannu wofi za ta tashi, ba makaranta, ba sana'a.

Dan_Sahel:
Na karɓi hujjar Jaklin, ta rage mini kaifi. Amma har yanzu ina nan a kan cewa da marubuciyar na ganin akwai ƙarin aure na adalci, da ta nuna mana ko gida ɗaya, ko a layi biyu ne. Ta samu wurin da za ta ba mu labarin babur ɗin da ya buge 'ya'yan Ramatulaye, Aliyun da Malik, suna ƙwallo a titi, ba ta samu wurin wannan ba.

Zinariya77:
Akwai wadda ba mu tattauna ba, Nabu ƙarama. Ita kaɗai ce amaryar da Ramatulaye ta yaba, ungozoma mai aiki dare da rana a asibitin haihuwa, ba ta da rawar kan Binetu. Ba ta nemi Maudo ba, raino aka yi mata dominsa tun tana yarinya. Malama Rakiya, ke da kika raba abin da Ramatulaye ke so da abin da take la'anta, a wane layi za ki sa wannan yarinyar?